Akwatin da Ya Zo da Sunan Yayana

Masana sun cika littattafai da labarin abubuwan da suka girgiza duniya a zamanin yaƙin Nasara na biyu, amma har yau ban ga wanda ya tsaya ya yi wa layi na biyu na rajistar kumandan, Baturen mulki, adalci ba, wato layin da ake rubuta sunan gida. A ganina babu igwar da ta ruɗa mutanen Adar kamar wannan ɗan siririn layi. Ni dai ya jefa ni cikin wani al'amari da ba zan manta ba muddin ina numfashi. Tsufa ya fara kwashe mini sunayen jikokina, amma wannan ya bar mini shi daram.

Sunan gidanmu Agarzam. Kada ku wahalar da kanku, da wuya in kun taɓa jin sa. Mu kanmu da can ba mu ɗauke shi suna ba, yadda ake kiran zaurenmu ne kawai a Allakaye. Ranar da aka zo ƙidayar mutane, tafinta ya tarar da magidanta da yawa masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ya gaji, ya ce kowa ya faɗi yadda ake kiran gidansu. Haka muka wayi gari da sunan iyali irin na Faransawa, ba tare da mun nema ba.

Ma'anarsa kuwa ta danganta da wanda ka tambaya. Babana ya ce sunan wani malami ne da ya zo daga gabas, kuma Larabci ne da harshen Adarawa ya cinye wa gefe. Gwaggona, yayarsa, ta ce sunan wata rijiya ce can arewa, inda kakanmu ya yi shekaru yana shayar da raƙuma, kuma raƙuman ba nasa ba ne. Da nake babbar lakwal, wato makarantar boko, a birnin Yamai aka ce kowa ya rubuta asalin sunansa, na cika shafi huɗu. Na ɗauki zancen babana, domin malami daga gabas ya fi kyau da tawada fiye da mai jan guga. Na rufe da cewa duk faɗin ƙasar nan gida ɗaya ne ke da sunan. Aka ba ni maki mai kyau.

Bayan yaƙi ya lafa, sojoji sun fara dawowa, ni kuma ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a lakwal ta Madawa. Wata safiya bayan kaka ina tsaye gaban allo, sai ga gardi, dogarin kumandan, ya leƙo ya ce ana nema na a biro, wato ofishinsu. Na tarar da tafinta, wani dattijo mai son ya ga ɗan lakwal ya daburce, zaune kusa da wani akwatin ƙarfe irin na soja. An rubuta suna a jikinsa da farin fenti.

"Mushe, kai ad da karatu. Karanta muna wanga."

Na karanta. Sunan yayana ne, da sunan gidanmu a bayansa.

"Allah shi jiƙan shi," in ji tafinta. "Ya rasu can bakin teku, ciwon ƙirji. Mun duba rajista tun daga nan har Keita, ku kaɗai ad da sunan ga. Ka kai ma babanka, shi dangwala yatsa ga takardag ga, ka maido muna."

Na ce masa yayana bai taɓa shiga soja ba, kuma ko Juma'a biyu ba a yi ba da ya zo kasuwar Madawa da jakuna, har ya cinye mini tuwon dare.

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, ɗayanku ya yi kuskure, kai ko Faransa. Ni dai ban taɓa ganin an gyara ma Faransa ba."

Kwana biyu na yi a hanya, akwati a kan jaki, ni a ƙasa. Muka bi ta Buza, muka hau tsaunukan nan masu baƙin dutse da ke cinye takalmi. Duk tafiyar ina lissafin abin da ba ya lissaftuwa. Ko dai akwai wani reshe na gidanmu da aka ɓoye mini? Ko wani ya saci sunan? To wa zai saci sunan da ko masu shi ba su san ma'anarsa ba? Har na fara shakkar wanda ya ci tuwona. Abu ɗaya kawai na tabbatar: mutum ya mutu, kuma a wani gida akwai masu jiran sa da ba su sani ba, ga kayansa a hannuna.

Na isa Allakaye da hantsi. Mutumin farko da na gani shi ne mamacin, a kan tsani, yana yaɓe bakin rumbu da laka.

"Mushe, lahiya? Mi ka kawo muna cikin akwati, karatu?"

Na ce ya sauko. Ya sauko, na karanta masa sunansa, na gaya masa abin da takarda ta ce. Ya dubi hannuwansa da suka yi dumu-dumu da laka, kamar mai neman shaida a jikinsu. Bai yi dariya ba, abin da ya ƙara ruɗa ni ke nan, domin yayana mutum ne da ke dariya ko a wurin rabon gado. Ya ce, "Mu tahi wurin Baba."

Babana yana zaure. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko an yi ruwa sosai a Madawa bana. Na ce an yi. Ya tambayi lafiyar darektan lakwal, wanda bai taɓa gani ba. Daga nan ya ce lokacin alwala ya yi, alhali rana ko tsaka ba ta kai ba.

Gwaggo ce ta kira ni bayan ɗaki, tana tsince wake.

"Ɗan lakwal, kai da ka san sunan kogunan Faransa, ka taɓa tambayar inda damman geron gidan ga ka zuwa duk kaka bisa raƙumi?"

Na ce na ɗauka zakka ce.

"Zakkar da ba ta san hanya ba sai ta Garhanga?"

Ta ba ni labarin a gajarce, ba ta daina tsintar wakenta ba. Shekarar da aka matsa da ɗaukar soja, ina Yamai, sunan yayana ya fito a takardar mai gari. A lokacin babana ciwon baya ya kwantar da shi, ni ina lakwal, yayana kaɗai ne hannun gidan. Akwai wani saurayi daga Garhanga da yake zuwa ƙwadago gonarmu duk damina. Babana ya yi magana da shi, ya ba shi bijimin sa, ya yi alkawarin gero ga uwarsa duk shekara har ya dawo. Ranar da aka tara samari a Buza aka kira sunan yayana, saurayin ne ya amsa. Likita ya duba haƙoransa, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya ce ya yi. Babu hoto a takardu a zamanin, wanda ya amsa shi ne mai suna.

"Amarya ya bari da ciki," in ji Gwaggo. "Shekara biyar ke nan. Danginta sun yi sun yi ta tahi wurin alƙali a raba auren, ta ce sai ta ji da kunnenta. Ita ba mai miji ba, ba zawara ba."

Na koma zaure da takardar kumandan, ban san ma abin da zan roƙa ba. In na faɗi gaskiya a biro, babana gidan kaso, yayana kuma a ɗauke shi ya biya shekarun da ya tsallake. In na yi shiru, na zama mushen da ke koya wa yara gaskiya da safe ya kai ƙarya biro da yamma. A lakwal an koya mana abin da ake yi in jirgi biyu sun taso daga gari biyu, ba a koya mana wannan ba.

Babana bai bar ni na zaɓa ba. Ya miƙo babban yatsansa, ya ce, "Ina tawadar?" Yayana ne ya riƙe kwalbar. Ina kallo uba ya dangwala shaidar mutuwar ɗansa, ɗan yana gyara masa takardar don kada ta karkace. Da ya gama ya goge yatsan a ƙasa, ya ce, "Wanga na Nasara ne, an ba shi. Gobe mu kai ma masu shi nasu."

Da asuba muka kama hanyar Garhanga mu uku. Yayana ya ƙi a ɗora wa jaki akwatin, ya ɗauka a kansa tun daga ƙofar gida har can. Babana da ciwon bayansa ya ƙi hawa jakin shi ma. Haka muka tafi, jaki yana gaba ba kaya, shi kaɗai ne a cikinmu hankalinsa kwance.

Gidan ƙarami ne, dangar kara, a gefen gari. Tsohuwa, uwar saurayin, ta fito, ta gane babana, ta yi murna, ta sa aka shimfiɗa tabarma. Matar da ya bari tana daga bakin ɗaki. Aka gaisa, aka tambayi kaka, aka tambayi dabbobi. Babana ya dube ni, wato aikin mai karatu ya zo. Ni kuwa da na rasa ta inda zan fara, sai na fake da takarda. Na miƙe tsaye kamar a gaban aji, na karanta sunan, na fassara sauran.

Tsohuwa ta saurara da kyau. Ta juya ta dubi yayana.

"Ba ga shi nan zaune ba?"

Ta juyo wajena.

"Ɗana," ta ce da ni, "ko karatun ne yab ɓace maka?"

Sai babana ya gyara zama, ya ce, "Baiwar Allah, ba nawa ba ne. Naki ne. Da sunan nawa yat tahi."

Tsohuwa ta dube shi. Sannan ta ce, a hankali, "Na san madadin ɗanka yat tahi. Ban san sunan da anka raɗa mashi nan gida yab bar shi ba. To in sun yi kuskuren suna, mi zai hana su yi kuskuren mutum? Ku maida masu akwatinsu."

Na ga muna shirin komawa da gawar da kowane gida ya ce ba tasa ba ce. Matar ce ta taso. Ba ta dubi kowa ba, ta durƙusa ta buɗe akwatin. Bargo ne a ciki, da kwano, da jar hula, da wando. Ta ɗaga wandon, ta zaro mazaginsa, wani farin zare da aka tufka da bakin zare a tsakiya. Ta murza shi tsakanin yatsunta kamar mai duba aikin hannunta, domin kuwa aikin hannunta ne. Ta shiga ɗaki. Da ta fito babu 'yan kunne a kunnenta, babu tsakiyar ado a wuyanta. Tsohuwa ta gani, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ni kuma, da guntun hankalina na lakwal, na ga ya kamata ko a littafina na aljihu a rubuta mutumin nan da sunansa na gaskiya. Na tambayi babana. Ya sunkuyar da kai, ya ce su ɗan Garhanga suke ce masa. Na tambayi tsohuwa.

"Ɗan fari na ne," ta ce daga cikin mayafi. "Ban taɓa faɗi ba, ba yau za ni fara ba."

Na juya wajen matar, na tuna mace ba ta kiran sunan mijinta, na haɗiye tambayar. Ga mu nan zaune mu biyar a kan mutum ɗaya: biyu sun san sunansa ba za su faɗa ba, uku za su iya faɗa ba su sani ba, takardar hukuma kuma ta faɗa da babbar murya amma na wani ne. Tsohuwa ta ɗan buɗe mayafin ta tambaye ni, wannan sunan da aka binne ɗanta da shi, me yake nufi? Na buɗe baki, malamin gabas ya ƙi fitowa. Na ce, "Inna, ban sani ba."

"To," ta ce. "Allah dai Ya san wanda Ya karɓa."

Sai da limamin garin ya zo addu'a na ji sunan daga bakinsa. Suna ne irin wanda a kowane aji da na koyar akwai yara uku ko huɗu masu shi.

Matar ta yi takabarta ta gama, bayan shekara ta yi aure. Babana bai daina aika gero ba har tsohuwa ta rasu. Na mayar da takarda biro, tafinta ya dubi dangwalen, ya dube ni, ya ce, "Ka gani, Faransa ba ta kuskure." Ɗan da aka bari a ciki kuwa, da ya isa shiga lakwal aka nemi takardar ubansa soja, aka rubuta shi da sunan da ke jikinta. Yau masu amsa Agarzam a Garhanga sun fi na Allakaye yawa, kuma ko ɗigon jini bai haɗa mu ba.

Abin da na koya shi ne, sunan da ke kan takarda ba ya gaya maka wanda ya haifi mutum, yana gaya maka ne wanda ya amsa ranar da aka kira. Tun daga lokacin, in na ji mutum yana tinƙaho da tsohon asalin sunan gidansu, nakan saurare shi da ladabi, in yi addu'a a zuci ga wanda ya ɗauki nauyin sunan ba a rubuta shi ba. Kuma na daina ba yara maki a kan asalin sunansu.

Yayana ya ƙara shekara talatin da ɗoriya a duniya bayan rasuwarsa, ya haifi 'ya'ya tara.