Rigar Sanyin Kafil

Na tsani ranar rabon kyauta a sansanin farauta, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba sai kafil ɗina, wato ubangidan da takardar zamana a ƙasar take hannunsa. Direba nake a gidansa da ke Al Wukair. Da sanyi ya shigo sai ya kwashe mu zuwa sahara, can arewa da Doha, a kakkafa tantuna, a kawo shahuna da karnuka, baƙinsa su yi ta zuwa suna komawa. Shaho ya bi hubara, wata tsuntsuwa dangin tuji, karnuka su bi zomo, mu kuma mu bi kowa da ruwa da itace da tukunya. Aikin bai taɓa damuna ba. Na yi noma a Funtua, na ja tirela zuwa Legas, ba rairayi ne zai ba ni tsoro ba. Abin da yake tsaya mini a rai shi ne yammacin ranar ƙarshe, lokacin da ake jera mu a bakin babban tanti.

Kafil yana zaune a kan darduma, baƙi sun kewaye shi, samarin gidan sun ɗaga waya suna ɗauka. Sai ya nuna mutum da 'yar sandarsa. Ka fito, ka sunkuya, ka miƙa hannu biyu. Wani agogo, wani tsohuwar waya, wani ambulan, wani kwalbar turaren da aka riga aka ci rabinta. Daga nan sai addu'a, da Larabci, da ƙarfi yadda waya za ta ji. In ka gajarta, wakilin gida, wato wanda yake kula da mu ma'aikata, zai zungure ka ta baya ka ƙara. Kuma nauyin hannun kafil ba ga aikinka yake ba, ga shaho yake. Shekarar da shaho ya yi kamu, kowa ya dara. Shekarar da ya tashi ya yi ta shawagi ya dawo ba komai, sai a tattara tantuna ana harararmu, kamar mu muka ba tsuntsun shawara.

A garinmu ma ana kyauta, ba a Doha aka fara ba. Amma mutum zai dunƙule abin ne a hannu, ya cusa maka a aljihu kuna cikin gaisawa, ya kau da kai don kada ka ji kunya. Nan kuwa kunyar taka ita ake so a gani.

A cikinmu akwai wani dattijo daga Zangon Kumasi. Shi ne mai hura wuta da dafa gahawa, shi ne mai yanka, kuma ya girmi kowa a sansanin, har kafil. Baba nake ce masa. Kullum muna cikin tsokanar juna, ni ina yi masa dariya in ya ce matarsa "ya" kira shi a waya, shi kuma yana cewa Hausarmu ta Najeriya duk iyayi ce. Takardar zamansa za ta ƙare bayan sanyin nan, kuma kafil kaɗai ke iya sabunta ta. A shekarunsa babu wani gida da zai ɗauke shi. Yana da 'ya'ya mata biyu a makarantar koyon aikin jinya, burinsa duka bai wuce ya zauna har su gama ba. Kowa a sansanin ya san wannan, domin ba ya buɗe baki sau uku bai ambace su ba.

Ni da shi ba mu taɓa shiri a kan maganar rabon nan ba.

Na ce masa, "Baba, wannan fa ba kyauta ba ce, sinima ce, mu ne 'yan wasan."

Ya ce, "Kai ɗan Najeriya, bakinka ya yi yawa. Mutum ya ba ka abu, ka ce na gode, khalas, shi ke nan. Zuciyanshi ba ruwanka da shi."

A shekarar da nake magana, farauta ta yi kyau. Wani sabon shaho da kafil ya saya ya yi kamu a gaban wani babban baƙo da ya daɗe yana so ya burge. Ranar rabo bakin kafil ya ƙi rufuwa. Da sanda ta zo kan dattijo, sai kafil ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa gani ba. Ya cire farwarsa, irin doguwar rigar sanyin nan mai gashin tunkiya a ciki, ya yafa wa dattijo da hannunsa. Ruwan ƙasa ce, da aikin zare mai ruwan zinariya a wuya, da ɗan tabon ƙuna a hannun hagu inda tartsatsin wuta ya taɓa ta. Baƙi suka yi ta masha Allah. Dattijo ya yi addu'a har hawaye yana bin gemunsa. Ni kaina ranar sai da jikina ya yi sanyi, na ce a raina watakila na matsa wa mutumin nan da zargi.

Muka dawo gari, sanyi bai tafi ba. Dattijo yana da wani ɗan unguwarsu, magidanci, mai gadi a benen da ofishin kafil yake a Al Mirqab. A bakin hanyar shiga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa yake tsayawa, inda iska ke busowa kamar an buɗe firji. Wata Juma'a bayan masallaci ni da dattijo muka je ɗakin su mai gadin a Najma, inda suke cunkushe da gadaje masu hawa biyu, muka sayo shinkafa da wake irin ta Ghana muna ci. Mai gadin nan ya yi ta tari, irin wanda yake fitowa daga ƙasan ƙirji, har ya kasa gama abincinsa. Dattijo ya dube shi, ya miƙe, ya cire farwar ya ɗora masa.

Ya ce, "Riƙe. Ni kusa da wuta nake aiki. Kai ne kake tsaye cikin iska."

Ina zaune aka yi, ban ga aibu ba, har yau ma ban gani ba. Mu haka muka taso. Babban mutum ya ba ka riga, ka sa ta ranar Salla, ka miƙa wa ƙanenka, shi ma ya miƙa wa wani. In labari ya koma wa mai kyautar cewa rigarsa ta kai gida uku, daɗi zai ji, ya ce ladansa ya ƙaru. Abin da aka ba ka naka ne, shi ya sa ake ce masa kyauta. Mu uku a ɗakin nan, da shekarun da muka yi a ƙasar, babu wanda ya kawo wani abu a ransa.

Ba a daɗe ba, wata safiya na ɗauko kafil zuwa ofis da wuri. Muna karyo kwana sai ga mai gadi ya ɗaga ƙarfen shiga, ya ƙame yana sara mana, farwar nan a kan kayan aikinsa. Na ji kafil ya daina magana a waya.

Ya ce in tsaya. Ya sauke gilashi. Ba fuskar mutumin ya duba ba, hannun hagu na rigar ya duba. Ya tambaye shi da Turanci inda ya samu. Bawan Allah ya washe baki, ya ce ai dattijo ne ya ba shi, ya kuma san daga hannun mai girma ta fito, Allah ya ƙara arziki, Allah ya raya zuri'a. Yana cikin addu'ar gilashi ya tashi.

"Yalla," in ji kafil, wato mu tafi.

Da na ajiye mota bai fita ba. Ya tambaye ni ko na sani. Na ce na sani. Na tattaro ɗan Larabcina na sitiyari na fara bayani, cewa mutumin ba shi da lafiya, cewa a wurinmu girmamawa ce. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Daga jikina na cire. A gaban baƙina. In ɗayansu ya zo ofishin nan ya ga rigata a jikin mai buɗe ƙofa, me zai ce?"

Ka ji abin da ya dame shi. Ba wai an sayar ba, ba wai an yar ba. Mai buɗe ƙofa ya ji ɗumi da ita, shi ne laifin.

Da ma faɗa ya yi, da an ba shi haƙuri an wuce wurin. Bai yi ba. Irin mutanen nan ne da ba sa ɗaga murya, sai dai ka wayi gari ka ga an janye tabarmar da kake zaune a kai. Aka daina kiran dattijo ya zuba gahawa a majalisa. Aka mayar da shi bayan gida wajen karnuka, mutumin da ko kusa da su ba ya son zuwa saboda tsarkin tufafinsa. In kafil ya fito dattijo ya gaishe shi, sai ya amsa wa iska.

Mai gadi da ya ji abin da ya faru hankalinsa ya tashi. Ya kai rigar wajen masu wanki, aka goge, aka sa a leda, ya kawo har Al Wukair a motar haya. Dattijo ya ɗauka a hannu biyu ya je ya tsaya a ƙofar majalisa. Ina daga gefe ina goge mota, ina ganinsa. Ya daɗe a tsaye, farin gemu, leda a hannu, samarin gidan suna wuce shi suna danna waya, babu wanda ya ɗauki hoton wannan. Can wakili ya fito da amsa. Wai kafil ya ce shi abin da ya bayar ba ya karɓa, ba halin gidansu ba ne.

Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai. Ba ka karɓa, to ka saki mana. Ka ba mutum abu, ka riƙe ɗaya gefen, in ya motsa ka ja. Ko akuya aka ba ka, da igiyarta ake haɗa maka.

Da sanyi ya wuce wakili ya kira dattijo ya gaya masa ba za a sabunta takardarsa ba. Dalili wai shekaru. Shekarun nan su ne dai a kansa ranar da aka yafa masa riga ana masha Allah, ba a cikin wata biyu ya tsufa ba. Na ce sai na shiga na faɗa wa kafil abin da ke bakina, ko da a bakin aikina. Dattijo ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Kana da yara. Mutum ɗaya ya isa."

Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa. Amma tun ranar ban ƙara kallon kafil na ga mutumin kirki ba, ko da ya yi abin kirki.

Rigar kuwa ta rasa mai ita. Dattijo ya ce Kumasi ba ta da sanyin da zai sa ta, ya sake miƙa wa mai gadi. Mai gadi ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Aka ɗora ta a kan kabad a ɗakin Najma cikin ledarta. Wani sanyin ya zo, mutanen ɗakin suna fita aiki suna rawar ɗari, babu wanda ya taɓa ta.

Ni na kai dattijo filin jirgi, a motar gidan. An ba shi tikiti, da kwalin dabino, da haƙƙinsa na sallama, ba zan yi ƙarya in ce an ci masa ba. A hanya bai yi maganar kafil ba. Lissafi yake a fili, wace ce a cikin 'yan matan za ta ci gaba da karatu, wace ce za ta dakata. Babbar ta kusa gamawa, ƙaramar kuma ta fi ƙoƙari. Ya tambaye ni me na gani. Na yi kamar ina duba madubi.

A bakin ƙofar shiga ya ajiye jakarsa ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Ɗana, in ka koma ka gaya ma kafil na gode. Ka ce ya yafe ni, ban sani ba ne. Amana na ba ka."

Na ce to, Baba.

Washegari da safe na buɗe wa kafil ƙofar mota ya shiga. Muna hawa babban titi ya tambaya, idonsa a kan waya, ko dattijon ya tafi. Na ce ya tafi. Muka wuce fitilar ba da hannu. Sai ya ɗago, muka haɗa ido ta madubi.

Ya ce, "Ya bar wani saƙo?"

Na ce, "Bai bar komai ba."

Na mayar da idona kan hanya, na kai shi ofis.