Sabuwar Mai Horas da Kurata

Lyle, tsohon sojan ruwa, yana zaune a tashar jirgin ƙasa ta Waukegan, kusa da sansanin horas da kuratan sojan ruwa, yana kallon wata mata da ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Doguwa ce, ta ɗaure gashinta tam, an rubuta Quintanilla a ƙirjin kakinta. Takardar canjin aiki na dunƙule a hannunta. Ko bai tambaya ba ya gane cewa daga jirgin ruwa aka ciro ta, aka turo ta horas da kurata.

Waya na kunnenta, tana magana da uban 'yarta tana cije haƙora.

"Ni na nema, Derek? Ni na nema? Shekara uku zan yi ina renon 'ya'yan mutane, kai kuma ka ce tawa 'yar ba za ta biyo ni ba!"

Tana saurare, jijiyar wuyanta na tashi.

"Shi ke nan. Mu haɗu gaban alƙali."

Ta kashe wayar, ta kai wa jakarta shuri har ta kife. Wata 'yar rigar sanyi ta yarinya ta faɗo. Lyle na jiran ta fashe da kuka. Sai ta ɗauki rigar ta kakkaɓe, ta ninke ta a kan gwiwa a hankali, gefe ya hau gefe.

Ta ɗago suka haɗa ido.

"Dattijo, lafiya kake kallona?"

Muryar ta cika tashar. Kafin Lyle ya ankara, ya tsinci kansa a tsaye ƙyam, hannuwa a gefe, da shekarunsa saba'in.