Yaƙin Iri na Zulaihatu Mai Niƙa

A Rinjin Ɗorawa, can bakin kogin Watari, idan aka ce Madaki ba wani mai rawani ake nufi ba. Wata 'yar guntuwar tsohuwa ce mai suna Zulaihatu, mai kantar hannu kamar maƙeri, wadda ko jaki ba ta hawa don ta ce yana sa ta jiri. Na riske ta da rai, na kuma ji labarin nan daga bakinta ya fi sau goma, kowane karo mayaƙan suna ƙaruwa. Zan ba ku wanda sauran tsofaffi suka fi yarda da shi.

Ita ba haifaffiyar rinjin ba ce. Tana da kamar shekara goma sha biyu aka yi Basasa, lokacin da gidan sarautar Kano ya rabu biyu ana ta gwabzawa. Mahaya suka tsince ta a bakin rijiyar ƙauyensu, suka haɗa ta da matan da ke yi wa rundunar wani jarumi niƙa. Ta bi yaƙi fiye da shekara, ba ta taɓa riƙe ko tsinken kibiya ba, amma ta ce wanda ke durƙushe gaban dutsen niƙa ya fi na kan doki ganin yaƙi, don shi ba ya gudu, ba ya kuma rufe ido. Ta ga jaruminsu, da zarar an sauka, kafin ya tambayi masu baka sai ya tambayi dami nawa ya rage. Ta ga ranar da aka ci wani gari mai ganuwa: tun hantsi ake ta kiɗa da ihu a ƙofar gabas, duk mazan garin suka taru can, alhali mutum arba'in sun haura ta yamma, inda mata ke zubar da toka. Da aka gama, aka sayar da ita ga wani attajirin birni, Malam Abdulƙadir, shi kuma ya aiko ta rinjinsa. Nan ta auri Nababa, dogo mai muryar da ake ji daga tsallaken rafi, wanda idan akuya ta harare shi sai ya sake hanya.

Rinji, ga wanda bai sani ba, ƙauyen bayi ne. Daga safe zuwa azahar kowa na gandu, wato babbar gonar ubangida, bayan azahar ka tafi gayaunarka, 'yar gonar da aka yanka maka. Mai kula da aikin shi ne sarkin gandu, shi ma bawa ne, sai dai bawa mai riga. A zamanin da nake ba ku labari, Sammani ne ke riƙe da wannan, ƙanin Nababa uwa ɗaya uba ɗaya.

Da Turawa suka zo, aka fara jin cewa bawa na iya zuwa gaban alƙali ya fito da takardar 'yanci. Yadda gida goma sha ɗaya na Ɗorawa suka samo tasu dogon zance ne. Abin da ya shafe mu shi ne rinjin ya tsage biyu, masu takarda da 'yan gandu, kuma tsagewar ta ratsa ta cikin gidaje. Wa ya daina gaida ƙani. Surukai suka koma ɗiban ruwa a lokaci daban-daban.

Sai ga yunwar nan da ake kira Kakalaba. Mutane suka cinye komai, har irin shuka da aka rataye a rufin ɗaki. Da damina ta gabato, babu ƙwayar iri a Ɗorawa sai a rumbuna uku na gandu. Saƙo ya zo daga birni cewa masu takarda su ci gaba da noma gayaunarsu, ba wanda zai kore su, amma iri kam, duk mai so sai ya kawo takardarsa ya miƙa wa Sammani, ya koma gandu. Wanda ya rasa shukar fari ya rasa shekara, wanda ya rasa shekara bayan irin wannan yunwa kuwa, ko dai ya miƙa takardar ko ya kwashi 'ya'yansa ya shiga duniya.

Mazan takarda suka taru gindin ɗorawa da la'asar. Nababa ya miƙe ya ce a fasa rumbunan da tsakar rana, shi zai shiga gaba. Zulaihatu na gefe tana ɓarar gyaɗar da ba ta kai cikin tafi ba.

"Malam, kai da wa?" ta ce.

"Ni da mazan nan."

"Na ƙirga ku. Ku tara ne, biyu na tari, ɗaya ba ya gani sosai. Ƙaninka na da ƙarti ashirin da suka ci tuwo jiya. Ko kun ci nasara, jibi dogarai su zo su ɗaure ku da sunan ɓarayi, takardar ma ta tashi a banza."

"To mu zauna ke nan?"

"A'a. Ku yi ta cewa za ku fasa. Kai dai murya Allah ya ba ka, yi aiki da ita."

Ta shirya abin kamar yadda ta gani a Basasa. Maza su ne ƙofar gabas. Kwana uku Nababa yana wasa gatari a inda kowa zai gani, yana rantsuwa cewa ranar da ruwa ya sauka rumbu ko ɗaya ba zai kai azahar a tsaye ba. Aka aro ganga. Wani tsoho ya fito da kwari wanda gara ta cinye rabinsa, ya rataya yana zagaya gari. Ita kuwa ta yafa mayafi ta tafi gidan Sammani, ta durƙusa a zaure.

"Matar Yaya, yau kuma mu ake tunawa?" in ji shi. "Ko takardar ce ba ta dafuwa?"

"Mun gwada, ƙanina, ko da kanwa ba ta yi laushi ba. Mu dai mata mun gaji. Mazanmu sun haukace, mu kuwa yara na kuka. Ka bar mu mu yi maka shuka ranar ruwa, ka ba mu kunun rana. Zancen takarda a bari sai mazan sun huce."

Sammani ya shafa gemu. Gandu na da faɗi, hannu ya ragu, shuka kuma ba ta jira. Ya kuma ji daɗin a ce matan abokan gaba sun zo da ƙafarsu.

"Ki gaya wa Yaya ina jiransa a bakin rumbu," ya ce. "Ya zo da gatarin, ina da itacen da za a faskara."

Ruwa ya sauka ranar wata Talata da asuba, mai yawa, har ƙasa ta jiƙu kamu guda. Sammani ya auna iri a ƙore ya raba wa mata, ya tura maza takwas da sungumi, sannan shi da ƙartinsa goma sha biyu suka kewaye rumbuna da kulake. Can nesa, bayan shingen kara, Nababa da rundunarsa suka fara kiɗa. Su matso taku goma, su ja da baya taku goma sha biyar.

Ku da kuka taɓa shuka kun san yadda take. Namiji na gaba yana sara rami da sungumi, ba ya waiwaya. Mace na biye, ta ɗebo iri da yatsu uku, ta jefa, ta rufe da diddige, ta wuce. Da ƙasa ta rufe, babu mai sanin abin da ke ciki sai Allah da ita. Kuma kowa ya san abin da yatsu uku ke zubawa ya fi abin da rami ke bukata, shi ya sa ake bi daga baya a rage tsiron. Umarnin Zulaihatu ke nan: a zuba na yatsu biyu, na ukun ya bi ta ƙarƙashin zane, inda kowace ta ɗaura ƙullin tsumma a ƙugu. Gandu ba zai rasa komai ba, ba wanda zai taɓa ganewa.

Wajen hantsi Sauda, matar Sammani, wadda ke shuka a layin kusa, ta tsaya ta dubi ƙugun Zulaihatu.

"Yaya, cikin nan naki da safe bai kai haka ba."

"Kunun mijinki ne, akwai kumburi."

Sauda ta sake duban ƙugun. 'Yarta ta fari tana aure a gidan masu takarda, da goyo. Ta gyara zaninta ta ce, "Yatsu nawa kuke yi?"

Kafin azahar mata bakwai na 'yan gandu sun shiga. Da aka tashi, matan suka wuce ta gaban rumbuna ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya a hankali kamar masu ciwon baya, suna yi wa Sammani sannu da tsaro. Ya amsa da fara'a. A ganinsa ya kori Yaya ba tare da an ɗaga kulki ba. Da la'asar aka shuka gayauna goma sha ɗaya, har aka rage na maimai.

Da a nan abin ya tsaya, da babu wanda zai san an yi yaƙi, da kuma Zulaihatu ba ta sami sarauta ba. Amma kowace runduna na da mai zarin hannu. Tasu ita ce Huseina, wata gwauruwa mai 'ya'ya biyar, wadda aka ba ɓangaren dawa. Ita ta ga yatsu biyu ɓata lokaci ne. Layi ɗaya ta zuba, layi biyu ta taka ramin wofi da diddige, har da bisimilla.

Kwana shida gandu ya tsiro kore shar, sai gefen dawa ya fito kamar kan da wanzami ya fara askewa aka kira shi. Gayaunar mutanen da ba su da ƙwayar iri kuwa ta tsiro har tana cunkoso. Sammani ya tsaya tsakanin gonakin biyu ya daɗe. Sannan ya nufi gidan wansa, ya sami Zulaihatu tana niƙa.

"Matar Yaya, a ina kuka sami iri?"

"Allah ne mai bayarwa."

"Ta hannun wa?"

"Ta hannunka, ƙanina. Kai ka auna mana."

Ya ce yau ɗin nan zai aika birni. Ta ce ya aika, amma ya tabbata ɗan aiken ya faɗi duka: yadda sarkin gandu da ƙarti goma sha biyu suka yini suna tsaron rumbu daga tsofaffi tara da ganga ɗaya, aka kwashe iri a gabansu ana yi musu sannu. Ya kuma faɗi sunayen matan, kada ya manta ta gidansa.

"Sauda?"

"Ita ta fi kowa sauri. Ka yi dacen mata."

Sammani ya zauna a kan turmi. Ya san Malam Abdulƙadir zai zo duba gona bayan noman fari, ya kuma san rigar sarkin gandu ba a jikinsa aka ɗinka ta ba. Zulaihatu ta bar shi ya gama lissafinsa, ta tura masa ƙoƙon ruwa.

"Dawarmu ta yi yawa, dole mu rage," ta ce. "Ruwa na gaba, mu ciro mu dasa maka a layukan da Huseina ta yi wa aski. Mako uku ba mai bambancewa. Mu kuma abu ɗaya muke so. Idan Malam ya tambaya, ka ce masu takarda sun samo irinsu, ba kuma za su dawo ba, a daina aiko da zancen."

"In ya ce a ina suka samo?"

"Ka ce wurin dangi. Ƙarya ka yi?"

Haka aka yi. Ranar dashe har Nababa ya zo, ya tsaya a bakin gona yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Huseina aka sa ta dasa layi biyu duk inda wasu suka dasa ɗaya. Malam Abdulƙadir ya zo a kan alfadari, ya zagaya, ya yaba wa Sammani, ya ce bai taɓa ganin gero ya fito da ƙarfi haka ba, a riƙa shuka shi kamar bana. Takarda ko ɗaya ba ta koma ba. Kafin shekara uku gida shida na 'yan gandu sun je sun karɓo tasu, Sauda ce ta fara, ta bar mijinta yana sarautar mutum goma.

A bikin kaka na shekarar ne wani maroƙi ya kira Zulaihatu Madaki, jagoran mayaƙa, sunan ya bi ta. Ta haifi tara, shida suka rayu. Ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli har ƙarfinta ya ƙare, ba ta kuma taɓa yarda wata ta yi mata shuka ba, ko 'yar cikinta. Shi ma Sammani daga ƙarshe ya je gaban alƙali, yana tsoho. Da ya dawo da takardarsa ya rasa inda zai ajiye ta don ɗakinsa na yoyo, sai ya kai wa matar wansa, ta sa masa a cikin tukunyar da take ajiye tata.