Uwaisu na Bidi, Mai Kai Baƙi Tsibiri

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗanbatta da Makoda masu suna Uwaisu suna da yawa, amma idan aka ce Uwaisu na Bidi, mutum ɗaya ake nufi. Bidi sunan dokinsa ne.

An haife shi a Kwarin Kanya, wani ɗan ƙauye da ke bakin rafi. Mahaifinsa, Nababa, manomi ne, amma da damina idan rafi ya kawo shi ne mai haye da mutane. Yana da wani ƙaton gora; mai son hayewa ya rungume goran, shi kuma ya riƙa tura shi da iyo har su kai gaɓa. A hannunsa Uwaisu ya koyi ruwa. Bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana.

Yana da mata, Furera, da 'ya'ya biyu lokacin da gwamnati ta datse rafin ta yi dam. Aka tashi mutanen Kwarin Kanya aka ba su fili a kan tudu, ƙasa mai rairayi wadda gero ya fi yi da ita. Ruwa ya haɗiye gidajen da gonakin fadama da masallaci. Abin da ya rage a sama shi ne wani tudu da mata ke sussuka a kai, ya koma tsibiri a tsakiyar ruwa, da bishiyoyin kanya uku a kansa.

Da aka biya diyya, wasu suka sayi kwanon rufi, wasu keke da rediyo. Uwaisu ya je kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi ya dawo da duƙushi a igiya. Mutane suka yi ta yi da shi, ana cewa wanda gonarsa ke ƙarƙashin ruwa ya ɗauko wa kansa baki na biyar. Shi kuwa ya wuce da shi gida. Ya kafa turke a bayan ɗaki, ya yi rumfa da zana.

Sana'ar tasa ba shirya ta ya yi ba. Kullum da hantsi yakan kai dokin wanka bakin dam, sai ya lura Bidi ba ya tsoron ruwa kamar sauran dawaki. Yakan kutsa har ƙafafunsa su bar ƙasa, ya ɗaga hanci sama yana huci, Uwaisu na gefensa riƙe da geza. A hankali har suka fara kaiwa tsibirin su dawo. A shekarun nan kuɗi na yawo a Kano, kuma ranakun Lahadi da bayan sallah mutanen birni kan zo dam shan iska da motocinsu da tabarmi da kulolin abinci. Akwai ma'aikatan banki, da ɗaliban jami'a, da Kwarori, wato Larabawan Lebanon 'yan kasuwar yadi, da Indiyawan da ke koyarwa a makarantun sakandare. Wata rana wani Kwara ya ga mutum da doki suna fitowa daga ruwa, ya tafa hannu, ya ce shi ma sai an ɗora shi. Akwai wani mai hoto daga Ɗanbatta, Sabo, yana tsaye a wurin. Shi ya ɗauki hoton, shi ne kuma ya ja Uwaisu gefe ya ce masa, “Kai ka kawo doki, ni in kawo kyamara. Mako mai zuwa ma za su zo.”

Haka aka fara. Uwaisu ya sayi tsohon sirdi aka gyara masa. Yakan ɗora baƙo, ya riƙe ragama, ya bi da shi gefen ruwa, su ratsa ta cikin ɗorawoyi, su sauka wani wuri mai yashi inda ruwa ke tsayawa a ƙirjin doki. Mafi yawa nan suke tsayawa, Sabo ya ɗauke su, su koma suna dariya da jiƙaƙƙen wando. Masu ƙarfin hali kuwa sai a cire sirdi, su kwanta a bayan dokin su riƙe geza, Uwaisu na iyo a gaba da igiya a hannu har tsibiri. A can akwai inuwa da yashi mai laushi, wanda ya iya ruwa ya yi ta wasansa. Abu biyu ne ba ya yarda da su: ba ya sakin ragama ko da baƙo ya rantse ya iya doki, kuma ba ya barin kowa ya yi iyo ta yammacin tsibirin, inda kututturan itatuwa ke ƙarƙashin ruwa.

Masu Landiroba kuma sukan so a zaga da su ƙauyuka, su ga masu saƙa da maƙera da wurin da agwagin ruwa ke sauka. Sai ya hau Bidi ya shige gaba, motar na biye da shi a burtali, don kada su faɗa gonar mutane. A wannan yanki gona na manne da gona, babu inda taya za ta kauce ba ta taka shukar wani ba. Da abin da yake samu ya rufe ɗakin Furera da kwano, ya sa babbar 'yarsa, Luba, a makaranta.

Sai shekarun wuya suka shigo. Damina ta yi gardama, gero ya bushe yana tsaye kafin ya fitar da kai. Da ta zagayo ma haka. Ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, ana wayar gari a ga garke a kwance. A birni masaƙu suka riƙa sallamar ma'aikata, sabulu da madara sai an bi layi. Indiyawan suka tattara suka koma ƙasarsu. Lahadi ta zo ta wuce babu mota ko ɗaya a bakin dam. Sabo ya rasa fim, ya sayar da kyamarar, ya bi wata motar shanu zuwa Legas.

Doki kuwa ba ya san an shiga wuya ba. Harawa ta yi tsada, dusa kuma mutane da kansu suke tuƙa ta. Uwaisu yakan fita da lauje tun asuba ya yi ta yawo neman ciyawa a gefen ruwa, ya dawo da abin da bai cika buhu ba. Wata safiya Furera ta leƙa rumbu ta ga dawa ta ragu fiye da yadda take ɗiba. Ta same shi a rumfar doki.

“Malam, dawar nan ba ni kaɗai ke taɓa ta ba.”

“Ni ne,” in ji shi.

“Yaran nan sau ɗaya suka ci jiya.”

“Na sani.”

“To shi ma ka koya masa ci sau ɗaya.”

“Sau ɗayan yake ci, Furera.”

Ta tsaya ta dubi dokin. Haƙarƙarinsa duk sun fito, ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa. Daga ranar ta kwashe sauran dawar ta zuba a tukwane a ɗakinta.

A ranin shekara ta biyu ruwan dam ya ja baya sosai, har abin da ya binne ya fara bayyana. Aka ga bakin tsohuwar rijiya, da tushen katangu da suka narke suka zama tsibi-tsibin laka. Labari ya kai birni. Wata Juma'a da rana wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gidan Uwaisu. Mai tuƙin mace ce, Sakinatu, ma'aikaciyar jinya a Kano. A kujerar baya akwai mahaifinta, Malam Iliyasu, wanda shi ne limamin Kwarin Kanya kafin a tashe su. Tun lokacin yake zaune a wurinta, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tafiya mai nisa.

Uwaisu ya durƙusa ya gaishe shi.

“Uwaisu ɗan Nababa,” in ji tsohon. “An ce garinmu ya fito.”

“Wani ɓangare ya fito, Baba Liman.”

“Maƙabarta fa?”

“Tana hayin tsohon rafi. Har yanzu akwai ruwa a tsakani.”

“Mahaifiyar wannan tana can. Ina so in je in tsaya a kanta. An ce dokinka yana shiga ruwa.”

Sakinatu ta ce ta yi ta hana shi ya ƙi. Uwaisu ya dubi rumfa, sannan ya je ya kwance Bidi.

Mota ta tsaya a inda ƙasa mai ƙarfi ta ƙare, Sakinatu ta zauna jira. Uwaisu ya ɗora tsohon a kan Bidi ba sirdi, sai bargo. Ƙasar duk ta tsattsage, ƙofaton doki na faɗawa cikin tsagar, ga ƙasusuwan kifi ko'ina. Malam Iliyasu yana ta nuna wurare da sanda, yana cewa nan gidan wane ne, nan ne turken sarkin noma. Wasu ya faɗa daidai, wasu ba daidai ba. Uwaisu bai gyara masa ba.

Da suka isa ruwan, ya tuɓe riga ya ɗaura a ka, ya ce wa tsohon ya kwanta ya riƙe geza da hannu biyu. Faɗin wurin bai kai rabin tafiyar tsibiri ta da ba. Amma suna tsakiya sai ƙugun Bidi ya fara nutsewa, hucinsa ya canza, ruwa na shiga hancinsa. Dokin ya karkata, tsohon ya zame. Uwaisu ya saki igiya, ya cafko shi ta baya, ya sa hannu ƙarƙashin haɓarsa, ya yi ta ja da ƙafa har ya ji ƙasa. Ya zaunar da shi a gaɓa yana tari, ya koma. Bidi ya kai bakin ruwa da kansa, amma ƙafafunsa na gaba sun kafe a taɓo, ya kasa fitar da su. Uwaisu ya tona laka da hannu, ya ja, ya tura, ya yi masa tsawa. Da ƙyar dokin ya yunƙura ya fito, ya tsaya kai a ƙasa, jikinsa na rawa.

Sauran tafiyar a bayansa ya goya tsohon. Maƙabartar fili ce kawai, shafaffiya, babu tudun kabari ko ɗaya. Ruwa ya daidaita komai. Malam Iliyasu ya sa aka sauke shi, ya duba gabas, ya duba yamma.

“Kusa da wata aduwa take,” in ji shi.

“Babu aduwar yanzu, Baba.”

Tsohon ya zauna a kan busasshiyar laka ya fuskanci alƙibla. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci matarsa, ya ambaci Nababa, ya bi sunayen mutanen garin da ya yi wa salla ɗaya bayan ɗaya har inda ya iya tunawa. Uwaisu na tsugune yana amsawa da amin.

Ba su sake bi ta ruwa ba. Suka zagaya ta kan rafin inda ya ƙafe, tafiya mai nisa, tsohon na kan doki, dokin na tsayawa yana hutawa. Sai bayan la'asar suka iso mota. Sakinatu ta ga kayan mahaifinta a jiƙe, ta fara faɗa, ya ɗaga mata hannu. Kafin a rufe ƙofa ya kira Uwaisu kusa.

“Allah ya yi maka albarka. Amma dabbar nan tana da hakki a kanka. Idan ba za ka iya ƙosar da ita ba, ka ba wanda zai iya. Za a tambaye ka.”

Ran Lahadi Uwaisu ya ja Bidi zuwa Ɗanbatta, bai hau shi ba. Wani bafatake mai kai dawaki Damagaram ya duba haƙoransa, ya shafa ƙafafun, ya ce ƙashin mai kyau ne, yunwa ce kawai. Aka yi ciniki. Uwaisu ya haɗa masa da sirdin, ya gaya masa dokin na son kanwa kuma ba ya son a taɓa masa kunnen hagu. Ya sayi buhun dawa da irin albasa, ya ɗora a motar haya, shi kuma ya tako a ƙasa har gida. Furera ta kawo masa ruwa. Washegari ya rushe rumfar ya ba ta zanar ta yi girki.

A wannan ranin ya shiga cikin masu shuka a inda ruwa ya janye. Lakar tana da ƙarfi, albasa ta yi kyau, ita ta riƙe gidan har damina ta dawo daidai. Da ruwan dam ya sake cika, ya samu ɗan fili a bakin magudana ya ci gaba da noman rani. Baƙi sun dawo daga baya, amma ba kamar da ba, kuma waɗanda suka zo samari ne masu babura da ba sa neman mai nuna hanya. Akwai shekarar da ya samu halin sayen doki, Luba ma ta yi masa tayi, ya ce a'a, ya sayi injin ban-ruwa.

Ruwa dai bai rabu da shi ba. Idan kwalekwalen masunta ya kife, ko saniya ta zurma, ko wani ya shiga wanka bai fito ba, shi ake aika wa. Wasu ya fito da su da rai, wasu gawa. Bai taɓa karɓar komai a kan wannan ba. Yawan nutso ya kashe masa kunne ɗaya, daga baya ƙirji ya fara damunsa, 'ya'yansa suka hana shi shiga.

Da ƙarfi ya ƙare ya bar wa ƙaramin ɗansa, Abdussalam, gonar albasa, ya koma tufka igiyar rama a ƙofar gida, masu awaki na zuwa saye. Ya rasu da kaka, bayan jinyar 'yan kwanaki, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Mutane suka bar gonaki suka zo jana'iza, da aka gama suka koma aiki. Furera tana Minjibir yanzu, a gidan Luba.