Kawu Bunchuai da Rabin Sa'ar Gadar Mae Sai

Tun kafin masu kunun shinkafa su ɗora tukunya a Chiang Mai, Kawu Bunchuai ya riga ya wanke farar motar da yake tuƙawa, ya rataya sabon fure a madubi, ya shiga unguwanni yana kwasar mu ɗaya bayan ɗaya. Mu ne baƙin da hatimin fasfo ke kora: malaman makaranta 'yan Filifin, tsofaffin Turawa masu cin fansho, masu koyon dambe, da irina da muka zo wata uku muka share shekaru. Da wa'adinka ya cika, dole ka fita daga Tailan, ko da taku ɗaya ne, ka dawo a buga maka sabo. Gadar Mae Sai ce iyaka mafi kusa da mu. Ka tsallaka ƙasar Bama, ka juyo.

Ba tafiyar daɗi ba ce. Kowa na shiga motar da fargaba fal ciki. Wani na duba shafukan fasfon da suka rage masa, wani na lallaɓa dala gomarsa kamar ƙwai, don a ƙetare ba sa karɓar takardar da ta lanƙwasa. Shi ma Kawu ba ya iya zama wuri ɗaya.

"Kin ɗauko fasfon, Malama? A'a, ba jaka na ce ki nuna min ba. Shi nake so in gani da idona."

In mun hau dutse, daidai ɗan ɗakin bautar nan na bakin hanya, sai ya danna oda kamar yadda direbobi ke yi. Kullum sai tsoho Gunther, Bajamushen da ke kame kujerar gaba, ya farka yana zage-zage.

"Gaisuwa ce, Tsoho," in ji Kawu. "Kai ma da kana gaida mutane, da yanzu ka samu mata."

Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba. Kawu, kai ne ka san kwanar da kowannenmu ke amai, ka miƙo leda tun ba a roƙa ba. Kai ne kake tsayawa a bakin gada hannu a ƙugu, ba ka cin komai sai ka ga ƙeyar na ƙarshenmu ta dawo. Kaza mai 'ya'yan aro, ba ka taɓa barin ko ɗaya a hanya ba.

Akwai wata rana ta damina da duk wanda ke cikin motar bai manta ba. Ƙasa ta zaftaro ta toshe hanyar dutse, muka yini a layi, ba mu isa Mae Sai ba sai da rana ta karkata sosai. A cikinmu akwai Malama Marisel, 'yar Filifin, zuwanta na farko ke nan. Ranar wa'adinta ke cika, ga jaririya ta bari wurin maƙwabciya, wadda ba ta karɓar komai sai nonon uwa. Abin da ta tatsa ta bari na yini ɗaya ne. Tun a dutse maƙwabciyar ke bugo waya, muna jin kukan har kujerar baya.

Kawu ya juyo kafin mu sauka.

"Ku ji ni da kyau, 'ya'yana. Agogon can yana bayan namu da rabin sa'a, ƙofa kuma da namu ake rufe ta. Kada wanda ya kalli agogon bangon kowa. Ku shiga, ku juyo."

Kowa ya ji, ban da Marisel. Waya na manne a kunnenta tana rarrashin 'yarta.

Muka tsallaka, muka biya, muka juyo, aka buga mana hatimi. Kawu ya bi mu da yatsa, ya sake bi. Babu Marisel. Ya buga wayarta, ta mutu. Ma'aikatan gada sun fara jawo ƙarafa, masu talla na tattara kaya, shi kuwa yana kai da komo kamar wanda ya taka garwashi.

"Mu tafi mana!" in ji Gunther. "Babba ce, ta kwana can, gobe ta hau bas."

"Ita babba ce, Tsoho. Wadda ke jiran ta fa?"

Bai jira amsa ba. Ya yanki takardar wucewa ta 'yan ƙasa, ya haye gada yana ɗingishi, ya nutse cikin kasuwar Tachileik, garin da ke ƙetaren gadar. Daga baya Marisel ta ba mu labari. Ashe nono ne ya cika mata har ya jiƙa riga, zafi ya hana ta tsayuwa, wata mai sayar da zannuwa ta ji tausayinta ta shigar da ita bayan shago. Tana tatsa tana kallon agogon bango, hankalinta kwance, wai da sauran lokaci. Kawu kuwa rumfa rumfa ya bi, kunya a gefe, yana tambayar mata ko sun ga baƙuwa mai jiƙaƙƙiyar riga.

Da ya same ta, babur ɗaya ne ya rage a layin, mazaunin mutum ɗaya. Ya ɗora ta, ya danƙa mata makullin mota.

"Ki ba Sangwan, mai jar hula. Ki ce in ya goga min mota, sai na aske masa gashin baki."

"Kai fa, Kawu?"

"Ina bayanki. Kai mai babur, ja mana!"

Mu muna wannan gefe, mun manne da shinge. Muka hango ta ta diro daga babur, ta karɓi fasfonta wurin jami'an Bama da suka riƙe shi, ta sheƙo da takalmi a hannu. Ita ce ta ƙarshe da aka buga wa hatimi, ƙofa ta rufe a bayanta. Can sai ga Kawu ya ɓullo, yana jan ƙafa yana haki. Ya tsaya a bayan ƙarfe ya dube mu. Wallahi na ji kamar in fashe da kuka. Shi kuwa sai ya ɗaga hannu yana kora mu, kamar masu ɓata masa lokaci.

Sangwan, direban Mae Sai ne, abokin tsokanarsa na shekaru, ya riga ya tashi daga aiki. Ya karɓi makulli ya yi tsaki.

"Wannan tsohon zai kashe ni. Ku shiga!"

Gunther ya riga kowa isa motar. Ya buɗe ƙofar gaba, ya matsa wa Marisel, ya koma baya ya takure a tsakaninmu. Haka motar Kawu ta tafi ta bar Kawu.

A barandar wani gidan ibada ya kwana, sauro ya yi biki da shi. Washegari ya dawo a bas kamar kowane fasinja, mai motar kuma ya dakatar da shi na ɗan lokaci saboda ya ba wani makulli. Bai taɓa kawo mana wannan zancen ba. Sangwan ya ce da gari ya waye, Kawu yana tako gada ya bugo masa waya, bai tambayi mota ba, bai tambayi mai motar ba. Cewa ya yi, "Jaririyar ta sha?"

Ku matasan da za ku gaji kujerarsa, tuƙi kowa ma ya iya. Ku koyi waiwayowa kafin ku tada mota, ku san me kowane fasinja ya baro a gida.

Kai kuma Kawu, je ka miƙe gwiwar nan, ka ci abincinka da zafinsa. Mun gode, mun gode ƙwarai. Ta sha, Kawu, ta ƙoshi. Bana ma aka sa ta a makaranta.