Arvid Ba Ya Karɓa a Tayin Farko

Ƙanena Arvid Torgerson ya shekara arba'in da takwas yana tatsar shanu a gonarmu ta arewacin Minnesota, safe da yamma, ko ranar aurensa bai fasa ba. Da gwiwoyinsa suka gaza ya sayar da shanun, daga nan ya zauna. Ya bar zuwa coci, ya bar aski. Abincin da na kai masa sai in tarar da shi a firji yadda na ajiye. Rannan na same shi a garken da babu ko saniya ɗaya, yana kallon bango.

Na ce, "Tashi, asibiti za mu."

"Lafiyata ƙalau, Yaya Inga."

"Ƙalau a ina? Dubi wuyanka kamar na figaggen zakara. Shiga mota."

Likitar sabuwa ce, 'yar Texas, Dakta Salcedo. Aka ba shi takarda mai tambayoyi tara: barci, cin abinci, kasala da sauransu. Duk ya cika da "ko kaɗan". Na fizge takardar na faɗi gaskiya da bakina, shi kuma yana ta murza hularsa.

Likitar yarinya ce, amma ta san aikinta, ban rage mata ba. Ta yi masa tambayoyi a nutse, ta ce ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar hawan jini. Akwai ƙwaya guda kullum. Takan ɗauki wata ɗaya ko fiye kafin a ji bambanci, da farko ma tana iya tayar da zuciya. Sannan ta ce, "Kana so mu fara?"

Ya ce, "A'a, kada ki wahalar da kanki, likita."

Sai ta ce to, jikinsa ne, zaɓinsa ne, ya yi tunani ya dawo bayan wata guda. Ta juya ga kwamfutarta.

Raina ya ɓaci. Mu nan ba a karɓar abu a tayin farko, haka mahaifiyarmu ta rene mu. Ko gahawa aka miƙo maka, ka ƙi, a sake ka ƙi, a na uku ka karɓa kamar an matsa maka. Arvid ya taɓa taka mil huɗu cikin dusar ƙanƙara saboda maƙwabcin da ya tsaya masa da mota sau ɗaya kawai ya ce ya shigo. Ga shi yanzu bai ko motsa daga kujera ba. Jiran tayi na biyu yake.

Na ce, "Likita, sake tambayarsa."

"Mama, ya ce a'a. Ba na yi wa kowa dole."

"Wa ya ce ki yi dole? Tayi ɗaya kika yi. A garin nan ko kare ba ya karɓar ƙashi a karon farko."

Ta dube ni kamar na taɓu, amma ta sake.

Ya ce, "Ai akwai waɗanda suka fi ni buƙata."

Na ce, "Ba ƙarewa zai yi ba, sakarai. Likita, saura ɗaya."

Ta juyo da kujerarta sosai. "Baba, kana son maganin nan?"

Can ya ce, "To, tunda kin riga kin ɗauko biro."

Babu biro a hannunta.

Yau mako biyar ke nan. Yana cin rabin abin da na kai, ya yi aski sau ɗaya, coci dai har yanzu shiru. Kowace safiya ina buga masa waya in ji ko ya sha maganin.

Da muka koma asibiti na tambayi likitar tsofaffi nawa suka fita ɗakin nan da tayi ɗaya tun zuwanta. Na ce ta rubuta "sau uku" ta manna a bango. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.