Ranar da Na Ara wa Baƙo Bakina a Jega

Sabuwar jiha, sabon ɗoki. Kowa yana son a san Kebbi ma tana da masu ilimi, shi ya sa aka shirya taron karatun rubuce-rubuce a wata makaranta a Jega. Aka gayyato masu sharhin zane da adabi daga birni, aka ce mu 'yan gida za mu karanta namu bayan sun gama.

Lokacin ina koyarwa, ina kuma rubutu. Babana manomin albasa ne a Aliero, a ganinsa rubutun nan zaman banza ne da riga mai guga. Na sha wuya kafin ya yarda ya zo. Ya ce, "In na ji da kunnena abin kirki ne, in bar ka. In ko ba haka ba, ka aje shi." Baba ba ya magana biyu.

Ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna can baya wajen taga.

Babban baƙon, wani mai sharhi mai siririyar murya, yana fara karatu wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu. Sai shugaban taro ya tuna yadda ake yi a wurin wa'azi: malam ya faɗa, wani mai murya ya ɗaga wa jama'a. Ya waiga ya hango ni. "Malam, taimaka mana, kai ne mai maƙogwaro."

Wa zai ce a'a a gaban manya? Na miƙe.

Mutumin nan kwana ɗaya ya yi a garin, amma wai ya gama sanin mu. Ya karanta, na ɗaga. Ya ce zanen da ke jikin ƙoren matanmu kwaikwayo ne, na ɗaga. Ya ce adon bangon gidajen Maiyama ba shi da zurfin tunani, na ɗaga, raina yana tafasa. Sannan ya gyara tabarau ya ce, "Maganar gaskiya, har yau yankin nan bai haifi marubuci ko ɗaya ba."

Wannan kam ban ɗaga ba. Ya ɗago ya dube ni, shugaba ya dube ni, na baya suna cewa ba su ji ba. Wallahi na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, har masu wucewa a titi sun ji. Aka tafa, har da waɗanda aka zaga.

Baƙi suka yi ta karatu ɗaya bayan ɗaya, ni ina ɗagawa, har aka kira la'asar. Shugaba ya ce lokaci ya ƙure, baƙi suna da tafiya, 'yan gida sai wani jiƙon. Wane jiƙo? An ci da mu an goge hannu a rigarmu, shi ke nan.

Na sami Baba a bakin masallaci yana sa takalmi. Muryata ta dushe. Na ce, "Baba, ba maganata ba ce, tasa ce. Nawa ban karanta ba."

Ya ce, "Ni dai bakinka na ji ta hito."

Ya ɗan yi gaba, sai ya juyo, kuma ba da ba'a ba, da tausayi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. "Amma kana da murya, tubarkalla. Mai shelar kasuwarmu ya tsuhwa. In kana so, in yi maka magana da sarkin kasuwa."